Motar da ke mutuwa in ta yi zafi: yawon warsha (garejin gyaran mota) da na sha a Jidda kafin a gano ciwon

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun daren da na ba da labarin motata a majalisarmu bayan sallar isha'i mutane ke ta kira na, wannan yace tasa ma haka take masa, wancan yace ƙaninsa ya canza kaya har ya gaji bai ga sauƙi ba, shi ya sa nace bari in zauna in rubuta shi tiryan-tiryan yadda ya faru ko Allah zai sa wani ya tsira da kuɗinsa da kwanciyar hankalinsa. Ni ba makaniki ba ne, aikin sito nake a Khumra can kudancin Jidda, kuma tun rusau ɗin 2021 zuwa 2022 da ya watsa mutanenmu na unguwannin Karantina da Sabil da Gulail na kwashe iyali muka koma Bahra, to ka ga kullum sai na yi wannan doguwar hanyar safe da yamma, mota a wajena ba ado ba ce, ita ce ƙafata. Motar ƙirar 2011 ce, silinda huɗu, otomatik, ta haura kilomita dubu 280, kuma tsakani da Allah tun da na saye ta ban da canjin mai da taya da batir ba ta taɓa kwantar da ni ba.

Farkon watan Yuli ne abin ya fara. Na taso aiki bayan la'asar, zafi kamar ana hura wuta, mukayyif, wato na'urar sanyaya mota, a kunne har ƙarshe, na tsaya a ishara, wato fitilar ba da hannu, ina jiran kore sai kawai naji shiru, injin ya ɗauke ɗif, fitilun dashbod duk suka kawo ja da ɗorawa. Na mayar da giya P na murɗa makulli, ta ɗan ja kaɗan sannan ta tashi, na baya suna ta danna min oda. Nace a raina ƙila ƙafata ce ko man da na sha ne, na wuce gida ban ma faɗa wa kowa ba. Bayan kwana huɗu ta sake, shi ma da yamma, shi ma bayan na yi tafiya mai nisa. Da safe kuwa garau take, bugu ɗaya ta tashi. Wannan bambancin na safe da yamma shi ne maganar gaba ɗaya amma a lokacin ban san yana da amfani ba, kuma babu wanda ya tambaye ni.

Wajen farko da na kai ta shi ne inda nake canjin mai kusa da gida. Na faɗa wa yaron cewa tana mutuwa a ishara, kafin in rufe baki yace bawwaba ce, wato ƙofar iskar nan da ke buɗewa in ka taka totur. Ya kwance robar iskar ya nuna min, kuma gaskiya ta yi baƙi ƙirin, datti ya daskare a gefenta kamar gindin tukunya. Hujjarsa ba ta banza ba ce, domin in mota na tsaye tana silo ƙofar nan kusan a rufe take, 'yar kafa ce siririya iska ke bi, in datti ya toshe ta sai injin ya shaƙe musamman in mukayyif ya ƙara masa nauyi. Ya fesa mata magani ya goge tas, ya canza filtar iska, riyal 80 na wanki 35 na filta, minti arba'in aka gama. Da zai gama sai ya cire kan batir yace don kwamfutar motar ta manta tsohon lissafi. Ni kuma na tsaya ina kallo har ina masa godiya. Sai daga baya na san cewa cire batir ɗin nan yana iya share duk abin da kwamfutar ta rubuta game da ciwon, wato shaidar farko kenan muka zubar da hannunmu. Silo dai ya gyaru, karkarwar da take ɗan yi ta daina, na yi sati guda cur ina cewa alhamdulillahi an rabu da Bukar.

Ranar da ba zan manta ba ita ce wata Juma'a da yamma, na ɗauko maman yara da yaranmu uku daga gidan yayarta a Jidda za mu koma gida, muna kan babban titin Makka ina kusan gudun 100, ba tari, ba fizga, ba komai, injin ya mutu kamar an kashe makunnin fitila. Allurar RPM, mai nuna saurin juyawar inji, ta faɗi ƙasa lokaci guda. Sitiyari ya yi nauyi kamar an ɗaure shi, ga tirela a dama ga masu gudu a hagu suna walla min fitila. Maman yara ba abin da take sai innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ƙaramar kuma ta fashe da kuka. Allah ya taimake ni ban taɓa makulli ba, na kunna falasha, wato fitilun gargaɗi masu walƙawa, na bar motar tana gangarawa da sauran gudunta ina ja dama a hankali a hankali har na tsallake layin ɗorawa. Birki na taka sau ɗaya ya kama lafiya, na biyu ya ɗan yi tauri, na uku kam kamar dutse na taka. Ku riƙe wannan don Allah, in inji ya mutu birki bai mutu ba amma taimakon da injin ke ba shi taku ɗaya ne ko biyu ya rage, kada ka yi ta famfa shi, ka taka sau ɗaya ka danne da ƙarfi. Kuma kada ka juya makulli baya mota na tafiya, sitiyari na iya kullewa.

Na fitar da su na tsayar da su bayan ƙarfen gefen titi, na dawo ina ta murɗa makulli. Silf, wato abin da ke juya inji in ka murɗa makulli, yana juyawa da ƙarfinsa, kirrr kirrr, amma injin ko alamar kamawa babu. Gumi ya jiƙa min tob sharkaf. Na kira 911, ba a jima ba motar tsaron hanya ta zo ta tsaya a bayanmu da fitilunta, jami'in ya tambaye ni ko akwai wanda ya ji ciwo nace babu, yace in kira satha, motar janwe kenan mai ɗaukar mota a bayanta. Mai satha yace riyal 200 kuma zai kai rabin awa. Wani ɗan uwa ya zo ya kwashi iyalin. Ana minti ashirin da biyar ina zaune nace bari in sake gwadawa, wallahi bugu ɗaya ta tashi tana silo lafiya lau kamar ba ita ba. A daidai nan mai satha ya iso. Na rasa abin yi, amma da na tuna fuskar yaran nan nace a ɗora ta kawai, ba zan sake hawa titin nan da ita a haka ba.

Asabar da sassafe ina sina'iyya, unguwar masu gyaran mota. Wanda bai saba ba ya sani, lokacin zafi in ba ka je da wuri ba ka yi asarar yini, daga azahar yawancin warshoshi a rufe suke sai bayan la'asar. Warshar da aka nuna min cike take, na zauna a kan benci daga ƙarfe takwas har goma da rabi kafin mu'allim ɗin, wato babban makanikin, ya waiwaye ni. Ya tayar da motar ta tashi, ya taka totur ta amsa, ya kalle ni kamar mai ƙirƙirar magana. A lokacin fitilar cek ɗin nan mai hoton inji tana kunne tun daren Juma'a, na nuna masa, ya kira yaronsa ya jona kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari, riyal 50. Yaron ya danna ya danna, fitilar ta mutu, ya zare wayarsa. Nace me ta nuna? Yace hassas ne kawai (irin ƙananan na'urorin nan masu aika wa kwamfutar mota saƙo), mafi mushkila, wato ba matsala, na goge. Nace wane hassas? Ya riga ya wuce wata motar. Har yau in na tuna wannan lokacin sai raina ya ɓaci, domin amsar da na yi wata guda ina nema bayan nan tana kan allon nan a gabana, daƙiƙa biyar ta yi aka share ta. Mu'allim ya ciro fulogi, bawaji kamar yadda suke cewa a nan, ya nuna min bakinsu ya cinye, yace su ne, ya ƙara da cewa kwail ɗaya ma, wato abin da ke ba fulogi wuta, ya yi rauni. Fulogi huɗu 160, kwail 150, aikin hannu 50. Fulogin kam sun tsufa ba ƙarya, sun isa canji, amma da na san abin da na sani yanzu da na tambaye shi ta yaya fulogi huɗu za su haɗa baki su mutu a daƙiƙa ɗaya sannan su farfaɗo tare bayan minti ashirin da biyar. Fulogi ko kwail ɗaya in ya lalace mota rawa take, tana tari tana jan ƙafa, ba ɗaukewa take ɗif ba.

Kwana biyar ta ba ni ta sake, wannan karon a cikin unguwa, na jira a inuwar wani masallaci ta huce ta tashi. Daga nan fa shawara ta fara zuwa ta ko'ina. Kowa ka gaya wa sai yace turumba ce, famfon man da ke cikin tanki. Wani abokin aikina ɗan Sudan ya rantse min tasa haka ta yi, kuma ya tambaye ni ko ina barin tanki ya yi ƙasa, nace ai kusan kullum sai fitilar mai ta kawo nake shiga mahaɗɗa, wato gidan mai, in sha na riyal 30 ko 40 na fetur mai lamba 91. Yace to ka kashe ta da kanka, famfon nan man da yake ciki ne ke sanyaya shi, in kullum tanki a bushe yake zafi na cin sa. Maganarsa gaskiya ce, famfon da ya gaji yakan yi sanyin jiki in ya yi zafi ya dawo in ya huce, alamar ta yi kama da tawa sosai, shi ya sa ban yi gardama ba. Na ranci kuɗi wajen surukina na je wata warshar ta uku, ni da bakina nace musu turumba nake so a canza min. Ba su ce min me ya sa ba, ba su auna komai ba, suka ɗaga kujerar baya suka buɗe murfin tanki, warin fetur ya cika wajen, na sayo sabuwa 420, aiki 130. Na karɓi tsohuwar a leda na jefa a but. Na cika tanki fal na kama hanya zuciyata wasai.

Kwana uku. A kan titin Haramain, da rana tsaka, an aike ni daga wajen aiki. Satha kuma, 150. A daren nan ban runtsa ba. Sau biyu na makara aiki har mudir ya kira ni ofis ya ja min kunne, ga bashin suruki, ga maman yara tace ita da 'ya'yanta ba za su ƙara shiga motar nan ba kuma ban ga laifinta ba. Na lissafa, riyal 1,425 suka tafi tsakanin kaya da aiki da satha, motar kuma tana nan yadda take. Har na fara tunanin kai ta haraj, kasuwar gwanjon motoci, in sayar, sai kuma naji tsoron Allah, ya zan miƙa wa wani bawan Allah motar da na san za ta mutu masa a tsakiyar titi da iyalinsa a ciki.

Kawuna ne ya ji labari ya kira ni yana faɗa, yace kai yanzu duk wannan yawon ba ka je wajen Baba ba? Baban nan dattijo ne Bahaushe, mai gyaran wutar mota, kahraba'i, tun muna yara a Karantina muke ganinsa a cikin bonet ɗin mutane, bayan rusau ni na ɗauka ma ya bar aiki ashe yana nan a wata ƙaramar warsha a ƙurya. Da ɗan gari akan ci gari. Na same shi bayan la'asar yana shan shayi, na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mahaifiyata da yara ɗaya bayan ɗaya, sannan yace ɗana me ke tafe da kai. Na fara jero masa abin da aka canza, ya ɗaga hannu yace ba wannan nake tambaya ba, gaya min yadda take mutuwa. Kusan minti ashirin muka yi ko bonet bai buɗe ba. Da sanyin safiya ta taɓa yi? Nace ko sau ɗaya. Bayan tafiyar minti nawa? Nace arba'in zuwa awa. Tana tari tana fizga kafin ta mutu, ko ɗaukewa take? Nace ɗaukewa, Baba, kamar an kashe fitila. In ka murɗa makulli silf na juyawa da ƙarfi ko yana ja da kyar? Da ƙarfi. Fitilar batir ko allurar zafi sun taɓa nuna wani abu kafin ta mutu? A'a. Sai ya yi min tambayar da ta tsayar da ni, yace lokacin da kake murɗawa ta ƙi tashi, allurar RPM tana ɗan motsi ko tana kwance? Nace wallahi Baba ban duba ba. Yace to ita za mu duba.

Ya zaunar da ni ya yi min bayanin da babu wanda ya taɓa yi min. Yace inji abu huɗu yake ci, iska, mai, wuta, sai kuma lokaci, wato kowanne ya zo a daidai sa'adda ake buƙatarsa, duk motar da ta mutu ɗayan huɗun nan ne ya yanke, aikin mai gyara shi ne ya gano wanne, ba ya yi ta sayen kaya har ya dace ba. Yace mai in zai yanke ba ya yankewa lokaci guda, akwai saura a cikin bututu, sai mota ta yi ta shaƙewa tana rage ƙarfi kamar mai jin yunwa sannan ta mutu. Iska kuma a silo ta fi nuna kanta. Amma wadda ke gudu lafiya ta ɗauke kamar an zare fulogin rediyo, wannan wuta ce ko saƙon da ke ba kwamfuta lokaci. Yace ina da zato amma ba zan sa ka sayi ko kusa ɗaya a kan zato ba, sai mun kama ta tana mace, mota mai irin wannan ciwon in tana da rai duk abin da ka auna lafiya zai nuna maka.

Ranar farko muka bar ta a kunne a rana da mukayyif da fitilu, awa biyu muna zaune muna kallonta, ta ƙi mutuwa. Magariba ta yi na tafi gida a motar haya raina a jagule. Washegari na nemi izini a wajen aiki na dawo, Baba yace wannan sai an gaji da ita, ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya shiga gaba, muka yi ta zagaye a titunan bayan sina'iyya inda ba cunkoso. Minti hamsin muna yi, ina shan wata kwana sai ɗif. Ban taɓa murnar mutuwar mota ba sai ranar. Baba yace maza kafin ta huce. Ya sa na kashe na sake kunna makulli ba tare da tayarwa ba, yace kasa kunne a kujerar baya, naji famfon ya yi zuuu na kamar daƙiƙa biyu ya tsaya, yace ka ji famfo na aiki. Ya jona agogon auna ƙarfin mai a bututun, allura ta hau wajen bar uku da rabi ta tsaya cak, yace mai ya isa. Ya ɗora mita a kan batir ya ga volt 12 da ɗoriya, yace ba nan ba ne. Ya zare kwail ɗaya ya sa masa wani ɗan abin gwajin tartsatsi yace murɗa, na murɗa, ko ƙyas babu. Yace yanzu dubi allurar nan, na duba, silf na ta juya inji amma allurar RPM na kwance a sifili ko gezau. Sannan ya jona kwamfutarsa, ya juyo min da allon yace karanta da kanka. P0335. Yace ɗauki hotonsa da wayarka.

Hassas ɗin karanshaf ne, wato sandar ƙarfen nan da ke juyawa a ƙasan inji. Ya ɗauko gorar ruwan sanyi ya leƙa can ƙasan injin ya tsiyaya a daidai wani ɗan baƙin abu da bai fi babban yatsa ba, muka jira minti biyu, yace tayar. Bugu ɗaya. Na tsaya baki buɗe. Da muka koma warsha injin ya huce ya kwance shi, kusa ɗaya ce tal mai lamba 10 ke riƙe da shi, ya ɗora masa mita ya nuna lamba lafiya, sannan ya zuba ruwan zafi daga butar shayinsa a wani tsohon gwangwani ya tsoma kan abin a ciki, muna kallon mitar, ba a yi minti uku ba lambar ta ɓace allon ya nuna layi ya yanke. Ya ciro shi ya ajiye a kan tebur, yana hucewa lambar ta dawo. Yace a cikinsa akwai waya siririya kamar gashi an naɗe ta a jikin maganaɗisu, a jikin karanshaf kuma akwai wani faifai mai haƙora, duk haƙorin da ya gifta sai abin nan ya aika wa kwamfuta saƙo, da shi take sanin inji na juyawa da kuma lokacin da za ta ba da wuta da fesa mai. Wayar ta tsufa ta tsage a ciki, in ta yi zafi ta buɗe sai tsagar ta rabu saƙo ya yanke, kwamfuta kuma ta ɗauka inji ya tsaya sai ta ɗauke wuta da mai gaba ɗaya, in ta huce ta haɗe. Bai tsaya nan ba sai da ya bi wayar tun daga soket har sama yana lanƙwasa ta da yatsa, yace sau da yawa hassas lafiyarsa ƙalau waya ce ta goge a jikin ƙarfe ko mai ya shiga soket, lambar da kwamfuta ta ba ka unguwa take nuna maka ba gida ba.

Sayen kayan ma darasi ne. Baba yace in tafi da istimara, wato takardar rajistar mota, saboda lambar shasi, mai harufa da lambobi 17 ɗin nan, da ita ake fitar da ainihin na motarka don ƙira ɗaya ma takan zo da iri biyu. A shagunan sina'iyya na samu tijari, wato wanda ba na asali ba, a riyal 70, wani kuma yace in je tashlih, inda ake farfasa tsofaffin motoci, a ciro min na hannu a 50. Na kira Baba yace a wannan abin kada ka yi, na tashlih shekarunsa ɗaya da naka kuma zafin da naka ya sha shi ma ya sha, tijari kuma wani ya yi shekara wani ya yi sati, abu ne da in ya mutu mota ke mutuwa a kan titi, sayi asali. Na asalin babu a ƙasa sai an yi oda, na biya 260 har da harajin kashi 15, aka ba ni fatura, wato rasit, aka ce bayan kwana uku. Kwana huɗu ya yi. Ku riƙa karɓar fatura kuna ajiyewa, ita kaɗai ce hujjarka in kaya ya zo da matsala, kuma kayan wuta yawanci in ka ɗaura ba a karɓa a mayar. Ɗaurawa ba ta kai rabin awa ba. Sai a lokacin Baba ya goge lambar, muka hau titin Makka da mukayyif a ƙure har kusa da Shumaisi muka juyo, ya sake jona kwamfuta babu komai. Na tambaye shi kuɗin aiki yace kawo abin da ya sauwaƙa, na matsa masa yace 150, kwana biyu na aikinsa da zagayen da muka sha. Duka 410 kenan.

Ban ce waɗancan masu gyaran duk macuta ba ne, bawwabar ta yi datti da gaske, fulogin sun tsufa da gaske, famfon kuma ni na kai kaina nace a canza. Matsalar ita ce kowa ya gyara abin da idonsa ya gani a motar da ke da rai, ni kuma ban iya ba da labarin ciwon ba. Da yau ne, ranar farko zan fara rubutawa a waya, ƙarfe nawa ta mutu, da sanyi ko da zafi, a tsaye ko a guje, mai nawa ne a tanki, wace fitila ce ta riga kawowa, bayan minti nawa ta tashi. In ta mutu kuma kana wuri mai aminci ɗauki bidiyon dashbod kana murɗa makulli, wannan bidiyon ya fi duk bayanin bakinka. Kada ka bari a cire batir ko a goge lamba sai ka ɗauki hotonta, kuɗinka ka biya, haƙƙinka ne ka gani. Ni yanzu na sayi ƙaramar na'urar OBD mai karanta lambar ciwon mota, mai haɗuwa da waya, ba ta da tsada, ramin jona ta mai baki 16 na nan ƙarƙashin sitiyari a kusan duk motocin zamanin nan, ba don in zama makaniki ba sai don in shiga warsha da lambata a hannu.

Kuma don Allah kada wani ya karanta wannan ya ruga ya sayi hassas ɗin karanshaf, sai ya zama ya maimaita kuskuren da na yi da famfo. Abin da na tsinta a bakin Baba cikin kwanakin nan, mai mutuwa a ishara kaɗai ko in an kunna mukayyif a fara duba bawwaba da robobin iska ko akwai wadda ta tsage tana shan iska ta ɓarauniyar hanya, da hassas ɗin iska da ke bayan filta. Mai shaƙewa in ka taka totur ko a hawan gada a auna ƙarfin mai da agogo kafin a taɓa famfo, wani lokacin filtar mai ce ko rile na 'yan riyaloli. Wadda fitilar batir ta kawo, fitilu suka dushe, mukayyif ya yi sanyin jiki sannan ta mutu silf ya ƙi juyawa, dinamo ne ba ya caji, inji na aiki ya kamata mita ta nuna tsakanin volt 13.5 da 14.5 a kan batir, kuma a duba kan batir ɗin ko ya saki ko ya yi farin gari. Wadda ta fara bayan ka fito daga shan mai a yi zargin man. Wadda kuma allurar zafi ta haye ja ko fitilar baƙin mai ta kawo kafin ta mutu, ko ka shiga ruwa mai zurfi irin na ranar da aka yi ruwan sama a Jidda, wannan kada ka sake murɗa makulli ko sau ɗaya, kira satha, riyal 200 ɗin nan ya fi sauƙi a kan sayen inji.

Yau wata uku kenan ko tari ba ta yi ba, na kai ta fahas dauri, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, ta wuce, maman yara ma ta dawo gaba tana zama, ko da yake har yanzu in muka zo daidai wajen nan na titin Makka sai naji tana salati ƙasa-ƙasa. Bashin suruki saura 200 in gama. Tsohon famfon da na jefa a but kuwa na kai wa Baba ya jona masa wuta a cikin bokitin gwajinsa ya auna, yace lafiyarsa ƙalau, na naɗe shi a leda yana kan kwaba a gida, duk wanda motarsa irin tawa ce aka auna masa da agogo aka tabbatar nasa ya mutu ya zo ya karɓa.